ƘANJAMAU: SUNAN DA YA ƁOYE MANA SHEKARA GOMA

Hausawa sun ce suna linzami ne. In kuwa haka ne, to, linzamin da muka ɗaura wa cutar nan mai karya garkuwar jiki ya daɗe yana jan hankalinmu zuwa inda ba nan ɓarnar ta soma ba. Mun kira ta ƙanjamau, watau mai ƙanjamar da mutum, waɗansu ma suka yi mata laƙabi da kabari kusa. Sunayen nan duka biyu hoton ƙarshen ciwon suka ɗauka, lokacin da majiyyaci ya rame, gudawa da tari suka ƙi barinsa. Alhali kuwa kafin a kai ga wannan hali, mutumin da ba ya shan magani yakan yi shekara 8 zuwa 10 yana noma, yana fatauci, yana aure, ba wanda zai dube shi ya ce da abin da ke damunsa. Ra'ayinmu shi ne, muddin mutanenmu ba su fahimci abin da ke gudana a cikin jini a waɗannan shekaru ba, za su ci gaba da auna lafiya da ido, su makara wajen soma magani, su kuma yi gaggawar ajiye shi.

Da ku muke, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, musamman waɗanda asalinsu Talata Mafara ne ko Bakura ko Maradun. In an yi hutu mu ne ake miƙo wa takardar asibiti a ce mu karanta, mu ne ake tambaya ko maganin Bature ya fi na mai lasifika a kasuwa. Amsar "haka likita ya ce" ba ta gamsar da dattijon da ke jin ƙarfi a jikinsa. Dole mu san dalilin, mu kuma iya faɗinsa da Hausar da za a gane.

A 1981 aka fara ba da labarin wannan ciwo a Amurka, a 1983 kuma masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar da ke haddasa shi, wadda ake kira HIV. A 1986 Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullarsa a cikinta. Tun a farkon al'amarin likitoci suka lura cewa waɗansu irin fararen ƙwayoyin jini, da ake kira CD4, su ne ke ƙarewa a jikin masu ciwon. A jikin mai lafiya akan sami tsakanin 500 da 1,500 daga cikinsu a ɗan ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba, watau maikrolita ɗaya. In suka sauka ƙasa da 200, to, a nan ne ake cewa mutum ya shiga matakin da ya dace da sunan ƙanjamau.

Waɗannan ƙwayoyi su ne jagororin garkuwar jiki. Su ke gane baƙuwar cuta, su ke tada sauran ƙwayoyin da ke kashe ta, su ke ba da umurnin a haɗa makarin da zai bi ta cikin jini. Ƙarfinsu kuwa yana cikin rabuwa. A cikin miliyoyinsu, 'yan kaɗan ne kurum suka san kamannin wata cuta takamaimai, kamar ƙyanda ko tarin fuka. Da zarar cutar ta shigo, sai waɗannan 'yan kaɗan su farka, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, cikin mako guda sun zama dubbai. In an gama yaƙi sai akasarinsu su mutu, a bar waɗansu su kwanta shekara da shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaba. Wannan ne sirrin allurar rigakafi, shi ne kuma dalilin da ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi.

To, a daidai wannan gaɓa ce HIV ta kafa tarkonta. Ita ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kama ƙwayar CD4, ta kutsa ciki, ta kwafe umurninta, ta liƙa shi a cikin kundin gadon ƙwayar, har ya zama ba a iya raba na mai gida da na baƙo. Ƙwayar da ta fi yi mata daɗin zama kuwa ita ce wadda ta farka tana shirin rabuwa, domin a lokacin ne kayan kwafi suka wadata a cikinta. Watau duk sa'ad da jiki ya tada rundunarsa, ya ƙara wa cutar masauki ke nan. Wani bincike na 2002 ya nuna cewa ƙwayoyin da jiki ya tanada musamman domin yaƙar HIV sun fi sauran kamuwa da ita, saboda su ne ke rugawa inda take.

Ƙwayar da aka shiga ba ta daɗewa. A cikin kayan da HIV ke tafe da su akwai wani sinadari mai suna Vpr, wanda aka gano a 1995 cewa yana tsayar da ƙwayar a matakin ƙarshe kafin ta rabu biyu. Ta riga ta kwafe kundinta, ta yi shiri tsaf, sai a hana ta rabuwa. A wannan tsayuwa ce take fin ƙera sababbin ƙwayoyin cutar, sa'an nan ta mutu, ko dai saboda ɓarnar da aka yi mata a ciki, ko kuwa 'yan'uwanta masu farautar gurɓatattun ƙwayoyi su gane ta su kashe. Daga soma ƙira zuwa mutuwa bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba.

Amma da a ce waɗanda cutar ta zauna a cikinsu ne kaɗai ke mutuwa, da ɓarnar ba ta kai haka ba, domin ba su da yawa. Masanan Cibiyar Gladstone ta San Francisco, ƙarƙashin Warner Greene, sun bayyana a 2010 da 2014 cewa a naman kaluluwa da suka gwada a ɗakin bincike, fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka mutu waɗanda ke kwance ne, cutar ta shiga amma ta kasa kammala kwafinta. Ƙwayar takan ji guntayen baƙon abu a cikinta, sai ta fasa kanta, ta watsa sinadaran kumburi domin a kawo ɗauki. Masu kawo ɗaukin kuwa 'yan'uwanta ne, su ma su iso su faɗa cikin abin da ya ci ta. Dabarar da Allah ya hore wa jiki domin ya tsare kansa, ita ce ta koma tana cinye shi.

Har wa yau, mafi munin asarar tun a makonnin farko take aukuwa, a wurin da ba a gani. Kaso mai yawa na ƙwayoyin CD4 a bangon hanji suke zaune, kuma binciken 2004 ya tabbatar cewa a nan ne cutar ke share akasarinsu, a lokacin da abin da mutum zai ji bai wuce ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ba, irin wanda za a ɗauka na sauro ne. Bangon hanjin da ya rasa masu tsaronsa sai ya riƙa yoyo, guntayen ƙwayoyin cikin hanji su riƙa tsallakawa cikin jini, garkuwar jiki ta zauna kullum a tsaye ba hutu. Ƙwayoyin CD4 su yi ta rabuwa fiye da ƙa'ida, 'ya'yan da suke haifa su zama gajerun kwana, waɗanda suka rage su gaji. Kaluluwa kuma, inda sababbin ƙwayoyi ke samun abin da ke raya su, ta yi ta kumburi har ta yi tabo, tabon kuwa ba ya riƙe mai rai.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, yake shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mutumin da ya tsaya a bakin tafkin ya ga ruwa bai motsa daga inda yake jiya ba, ba shi da hanyar sanin ko ƙofofin a rufe suke, ko kuwa a buɗe suke wangam gulbi yana cike gurbin abin da ke fita. Haka jinin mai HIV yake a shekarun da muke ɗauka cutar barci take yi. A 1995 ayarin David Ho da na George Shaw suka nuna cewa babu wani barci, a 1996 kuma aka ƙiyasta cewa jikin wanda ba ya shan magani yana ƙera ƙwayoyin cutar kimanin biliyan 10 kowace rana. Kullum ana kashewa, kullum jiki yana mayarwa, sai dai abin da ke shigowa bai cika kai abin da ke fita ba. Giɓin ƙanƙane ne, ƙwaya 50 zuwa 100 a cikin ɗigon nan a shekara, amma shekara ba ta tsayawa. Ranar da tafkin ya ja baya har laka ta bayyana, a nan ne tarin fuka, wanda ya fi kowane ciwo kashe masu HIV, yake samun ƙofa.

Abu na farko da ya wajaba a kanmu ke nan ya fito fili. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji magabata. To, wannan ƙima ta fi ƙarfin ido. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗi, kuma wanda aka samu da cutar bai kamata ya jira sai ya kwanta ba. A 2015 wani babban gwaji na ƙasashe da yawa mai suna START ya nuna cewa waɗanda suka soma magani nan take, tun ƙwayoyinsu sun haura 500, haɗarin mummunan ciwo ko mutuwa ya ragu musu da fiye da rabi in an gwada da waɗanda aka jinkirta wa. A shekarar nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an gano, Nijeriya kuma ta ɗauki wannan tsari a 2016. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya bi bayanin da ya gabata. Magani yana rufe ƙofar da ruwa ke fita, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna a kaluluwa, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka soma a makare ba sa komawa 500 ko sun shekara goma suna sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na biyu ya fi wuyar karɓa, domin ya shafi wanda ya riga ya ji sauƙi. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, ta haɗa sinadarai uku, kuma cikin 'yan watanni takan danne cutar har na'ura ta kasa ganinta a jini. Mutum ya murmure, ya koma gona, sai zuciya ta soma raya masa cewa ya warke. A nan sai mu tuna da ƙwayoyin nan masu kwanciya shekara da shekaru. Waɗansunsu cutar ta shige su kafin su kwanta, umurninta yana liƙe a kundinsu, shiru, magani ba ya taɓa shi, masu farauta ba sa ganinsa. A 1997 aka tabbatar da wannan maɓoya, ayarin Robert Siliciano na Jami'ar Johns Hopkins kuma suka auna cewa sai an yi wata 44 kafin rabinta ya ƙare, watau sai an haura shekara 60 ana sha kafin a sa ran ta ƙare duka. A 2014 aka ƙara gano cewa waɗannan ƙwayoyi in sun rabu biyu, kamar yadda kowace ƙwaya ke yi, suna kwafe cutar tare da kundinsu, ta yaɗu ba tare da ta kama kowa ba. Manominmu ya san irin wannan a jikin ƙuduji: ka cire shi bana gona ta yi fes, amma irinsa yana kwance a ƙasa shekaru, yana jiran saiwar dawa. Wanda ya ajiye magani, cikin 'yan makonni cutar ke dawowa jininsa.

An gwada, an kuma ga sakamako. Wani gwaji mai suna SMART ya bar waɗansu majiyyata su riƙa hutawa da magani in ƙwayoyinsu sun yi yawa, dole aka tsayar da shi a 2006 saboda ciwo da mutuwa sun fi yawa a cikin masu hutun. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da cutar da haɗin itatuwa, ya sa majiyyata suka ajiye maganin asibiti, kuma bayan saukarsa hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidar yadda waɗansunsu suka mutu. Ba sai mun je Gambiya ba. A kasuwanninmu na mako ba a rasa mai jarka da lasifika yana rantsuwa zai wanke jini cikin kwana arba'in, hujjarsa kuwa ita ce wani ya sha ya yi ƙiba, ko an gwada ba a ga cutar ba. Mun riga mun ga cewa ƙiba ba shaida ba ce, rashin ganin cutar a na'ura kuma aikin maganin asibitin ne da mutumin ke sha tun farko. Ba mu raina sanin magabata kan itatuwa ba, amma babu sassaƙen da aka taɓa nunawa yana shiga kundin ƙwaya ya ɓamɓare abin da ke liƙe a ciki.

Sai dai adalci ne mu faɗi cewa ba kowa ke ajiye magani da son ransa ba. A watan Agustan 2021 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba suka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, a lokacin ne kuma aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar. Ga mai shan wannan magani, hanyar da ta rufu da ƙauyen da aka tasa daidai suke da a buɗe wa cutar ƙofa. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, har da shirin PEPFAR wanda tun 2003 aka kafa shi kuma yake ɗauke da kaso mai tsoka na maganin da ake sha a Nijeriya. Ko da yake an sassauta daga baya game da magungunan ceton rai, gargaɗin ya isa: ran ɗan ƙasa bai kamata ya rataya a kan alƙalamin wata ƙasa ba. Muna kira ga gwamnatin Zamfara da hukumar NACA ta tarayya su ware kuɗin maganin nan a kasafinsu, a riƙa ba mutanen karkara na wata uku zuwa shida a lokaci guda, a kuma tabbatar ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauye ba takarda zai iya karɓa a Talata Mafara ko Gusau ba tare da an mai da shi baya ba.

Wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga da yunwa da zazzaɓin sauro, ina ruwanmu da ciwon da bai yi yawa a nan ba? Gaskiya ne binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 a faɗin Nijeriya, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, Zamfara kuma tana ƙasa da kashi ɗaya. Amma ƙarancin nan shi ne ke sa a saki jiki, a yi ta yi wa mai tari maganin sanyi, a ɗora wa mai rama sammu, har a makara. Kuma a gidan da ke da mata biyu ko uku, mutum ɗaya da bai san halin jininsa ba ya isa ya shafi gida duka, har da jariri. Jariri kuwa ba shi da shekara goman babba. In ba a ba shi magani ba, rabin irinsu ba sa kai shekara biyu. Alhali uwar da ke shan magani tun tana da ciki takan haifi ɗanta lafiya, kuma tun daga 2011 bincike ke ta tabbatar da cewa wanda magani ya danne cutar a jininsa ba ya sa wa abokin aurensa.

Wannan ne ya sa muke goyon bayan gwaji kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta mai da doka a 2024, ga saurayi da budurwa, ga bazawara da mai ƙarin aure. Amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, a san cewa gwajin da aka saba yi yana iya kasa ganin cutar a makonnin farko, har zuwa wata uku, don haka in akwai shakka a sake. Na biyu, sakamako amana ne. Dokar tarayya ta 2014 ta hana a nuna wa mai HIV bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti, kuma mu da za mu zauna a ofisoshin nan gobe mu ne za mu raya ta ko mu kashe ta. Duk ma'aikacin da ya fallasa asirin majiyyaci ɗaya, ya kori goma daga bakin ɗakin gwaji. Mutumin da ke tsoron a gan shi a layin karɓar magani shi ne ke tsallake wata guda, wata guda kuwa ya ishi abin da ke kwance ya farka.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu soma da kanmu: mu je a gwada mu, tun ba a zo maganar aure ba. In mun koma gida, mu zauna da iyaye da ƙanne mu yi musu bayanin tafkin da ƙofofinsa ke buɗe, da irin ƙudujin da ke kwance a ƙasa. Mu roƙi malamanmu su ci gaba da tunatar da jama'a cewa neman magani ba ya warware tawakkali, mai azumi kuma ya shawarci likita a mai da masa lokacin shan ƙwayarsa dare maimakon ya bari. In muna da ɗan'uwa mai shan magani, mu zama masu tuna masa da ranar karɓa, mu raka shi in hanya ta yi wuya, mu riƙe bakinmu. Rigakafi ya fi magani, amma ga wanda ya riga ya kamu, maganin da bai yanke ba shi ne rigakafinsa da na iyalinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.